Yadda Ake Zaɓen Rigar Mota Ga Wanda Ba Shi Da Gareji

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini 'yan kwanakin nan ita ce ta rigar mota. Mai haya a gidan da babu gareji, da ma'aikacin da motarsa ke wuni a filin ofis, da magidancin da ƙuncin lungu ya hana motarsa shiga gida, duk bakinsu ɗaya: wacce zan saya, nawa za ta ci, kuma yaya ake gane ta ƙwarai? Na yi ta amsa wa mutane ɗaya bayan ɗaya, har na ga gara in zauna in jera abin daki-daki.

Ka riƙe abu guda tun kafin mu shiga kasuwa. A ƙasarmu abin da ke cin fentin mota a ƙarƙashin riga shi ne ƙura da iska. Riga mai yalwa da ke kaɗawa a kan mota mai ƙura, aikin samfefa take yi dare da rana. A motata na gani. Shekarun baya na yi tafiyar mako uku a tsakiyar hunturu, na lulluɓe Corolla ɗina da shuɗin tamfol irin wanda ake rufe buhunan hatsi da shi, na ɗaure da igiya, ban ko wanke ta ba. Da na dawo na yaye, sai na tarar kusurwoyin rufi da bakin bonet da kawunan madubai duk sun dushe, sun yi fari-fari kamar an goga musu toka. Mai fenti ya shafa wurin da yatsa ya ce, "Maigida, wannan ya ci ƙyallin saman, folish ba zai ɗauke shi duka ba." Abin da na kashe a gyaran ya fi ƙarfin kuɗin riga mai kyau. Shi ya sa ba na ɗaukar wannan magana da wasa.

1. Duba inda motar take kwana da yawan fitarta

Kafin ka tambayi farashi, tsaya a wurin da kake ajiye motar ka dubi abin da ke damunta. A fili take, rana na dukanta tun hantsi har la'asar? A gindin darbejiya ko mangwaro take, inda 'ya'yan itace da ƙaro da kashin tsuntsaye ke zubo mata? Ko a bakin hanya mara kwalta, inda kowane babur ya wuce sai ya bar mata rabonta na ƙura? Ga kuma awakin unguwa da ke hawa bonet, da yaran da ke rubutu da yatsa ko da tsinke a jikin ƙofa.

Kowane lokaci na shekara da irin ɓarnarsa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce da busasshiyar iska. Daga Maris zuwa Mayu bazara ce, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a irin su Sakkwato da Maiduguri da Kano, shi ne ke fasa dashbod, ya busar da robobin ƙofa, ya mayar da fitilun gaba rawaya. Farkon damina kuma da guguwa yake zuwa, sannan markar Agusta ta biyo baya da danshin da ba ya bushewa da wuri. Rigar da za ta kwana a waje dole ta iya da duka ukun, amma wanda ke Jos ko kudancin Kaduna zai fi ba ruwa muhimmanci, wanda ke Katsina ko Damagaram zai fi ba rana da ƙura.

Sai ka tambayi kanka gaskiya: sau nawa motar take fita? Idan kullum da asuba kake tayar da ita, ka dawo bayan isha'i a gajiye, da wuya ka jure wanke ta kafin rufewa kowane dare. Irin wannan mai mota ya fi dacewa da rabin riga, wadda ke rufe rufi da gilasai kaɗai, ko abin tare rana da ake shimfiɗawa a bayan gilashin gaba. Cikakkiyar riga ta fi amfani ga motar da ke yin kwana biyu, uku ko mako ba ta motsa ba.

Hattara: riga ba ta hana ƙanƙara lotsa mota, kuma ba ta tare reshen da iska ta karyo. Idan itacen da kake fakewa a gindinsa yana da busassun rassa, ka sa a sare su ko ka canza wuri kafin damina. Idan kuma gidan naka ne kana da fili, ka fara lissafin rumfar kwano tukuna, domin ita ba ta taɓa fenti ko kaɗan.

2. Auna motar da tef

A nan mafi yawan mutane ke faɗuwa. Sai mutum ya je shago ya ce a ba shi ta ƙaramar mota, a miƙo masa wadda aka rubuta wa L ko XL, ya biya ya tafi. Waɗannan haruffa ba su da ma'auni ɗaya, XL ɗin wannan kamfani L ne a wurin wancan. Lambobin santimita da ke jikin jakar su ne abin dubawa.

Ka ari tef na magina ko na kafinta, mai mita biyar zuwa sama, ka samu wanda zai riƙe maka bakinsa. Awo uku za ka yi. Tsawo daga ƙarshen bambar gaba zuwa ƙarshen ta baya, a miƙe ta gefen motar, ba tare da bin lanƙwasar rufi ba. Faɗi a inda jikin ya fi faɗi. Tsayi daga ƙasan ƙofa zuwa ƙololuwar rufi. Ka rubuta a waya, kada ka dogara da ƙwaƙwalwa.

Don ka san ko awonka ya yi daidai: Golf 3 tana kusan mita 4, Corolla ta 2003 zuwa 2013 kusan mita 4.5, Peugeot 406 kusan mita 4.6, Camry ta 2002 zuwa 2011 da Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 kusan mita 4.8, Sienna kusan mita 5.1, Hilux mai ƙofa huɗu kuwa kusan mita 5.3. Rigar da ta fi motar da santimita 10 zuwa 20 ta isa. Fiye da haka, iska ta samu wurin shiga.

Tsawo kaɗai bai wadatar ba, siffa ma tana da nata. Rigar mota mai but a baya ba za ta zauna a kan Golf ko Vibe ba, domin bayansu a tsaye yake. Ta Sienna ba ta Hilux ba ce ko da tsawonsu ya kusa.

Hattara: idan motarka tana da ƙarfen ɗora kaya a kan rufi, ko ƙarfen kariya a gaban bamba, ko taya a rataye a ƙofar baya, ka sa su cikin awon. Eriyar da ba ta kwanciya kuma ka duba ko tana kwancewa, don ita ce ta farko da ke huda riga.

3. Zaɓi yadin

Yaduka iri huɗu ne za ka fi cin karo da su a kasuwa.

Akwai mai kama da leda, sirara mai ƙyalli, wadda sau da yawa ake rubuta wa PEVA. Ita ce mafi araha, ruwa ba ya ratsa ta, amma iska ma ba ta ratsa ta, kuma zafin bazara yana busar da ita har ta riƙa tsagewa kamar takarda. Ta kwana biyu ce, ko ta motar da ke cikin rumfa ana son kare ta daga ƙura kawai.

Akwai yadin foliyesta, wanda mai kaurinsa ake rubuta wa Oxford. A jikin jakarsa za ka ga lamba da harafi, kamar 190T, 210D, 300D ko 600D. Harafin D kaurin zare yake nufi, iya girman lambar iya kaurin zaren. 190T irin yadin lema ne, bai da nauyi, rana tana gama da shi da wuri. Ga motar da ke kwana a waje shekara da shekara, ni daga 210D nake farawa, kuma 300D ya fi kwanta mini. 600D yana da ƙarfi sosai amma nauyinsa yana sa mutum ɗaya ya sha wuyar sanyawa, idan ya jiƙe kuma ya daɗe bai bushe ba.

Akwai mai ninki-ninki, wanda aka haɗa shimfiɗu uku ko fiye: na waje mai tare rana da ruwa, na tsakiya mai barin tururi ya fita, na ciki mai laushi kamar auduga. Idan na ƙwarai ne, shi ya fi kowanne, kuma shi ya fi tsada. Sai dai kada yawan ninkin da aka rubuta a kwali ya ruɗe ka. Na ga wadda aka ce ninki shida ce, da na murza ta a yatsa bai fi kaurin ledar burodi biyu ba.

Na huɗu shi ne tamfol, da yadin roba mai kauri irin na rufin A Daidaita Sahu. Yana da ƙarko, shi ya sa yake jan hankalin mutane. Amma cikinsa kaushi gare shi, ba ya numfashi, kuma nauyinsa yana danna ƙura a jikin fenti. Da ka rufe mota da tamfol kai tsaye gara ka bar ta a buɗe ka riƙa wanke ta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Maganar numfashi tana buƙatar ƙarin bayani, domin masu saye sun fi tambayar "ruwa yana shiga?" fiye da komai. Ko da ɗigon ruwan sama bai ratsa ba, ƙasa tana fitar da danshi, raɓa tana sauka da asuba, kuma duk wannan yana taruwa a ƙarƙashin rigar. Rana ta fito ta dafa shi. Idan ba shi da hanyar fita, sai ka ga fenti ya yi tabo mai hazo-hazo, tsatsa ta fara a bakin ƙofofi, kujeru su kama warin fumfuna. Saboda haka rigar da ta bar ɗan danshi kaɗan ya ratsa amma take bushewa da wuri ta fi wadda ta toshe komai ruf. Idan ka zaɓi mai toshe ruwa gaba ɗaya, to lallai ta kasance tana da kafofin shan iska, 'yan tagogi masu murfi da ake yi a gefe ko kusa da rufi.

Launi kuwa, ka ɗauki ruwan azurfa, fari ko toka mai haske. Baƙa da shuɗiya mai duhu suna tara zafi.

4. Gwada ta kafin ka biya

Kada ka yarda da hoton jikin jaka. Ka ce a buɗe maka. Mai shagon da ya san kayansa ba ya ƙin wannan.

Juya cikin ka shafa da bayan hannunka. Idan ka ji kaushi, fenti zai fi ka ji. Ka ɗan tsinci farin abin cikin da farce, idan yana tsigewa yana bin yatsa, to haka zai manne a jikin motarka ranar da ya jiƙe.

Kunna fitilar waya ka sa ta bayan yadin. Wanda haske ya fito ta cikinsa tar, rana ma haka za ta ratsa shi.

Sa bakinka a jikin yadin ka hura da ƙarfi, hannunka na ɗaya gefen. Idan ka ji ɗan ɗumi yana fita, yana numfashi. Idan ya kumbura kamar balan-balan, ba ya yi, sai ka nemi kafofin iska.

Sayi fiya wata guda, ka yi ɗan kwarmi da yadin a tafin hannu ka zuba, ka jira minti biyu. Ka maimaita a kan ɗinki, domin ta nan ruwa ya fi shiga. Wani dattijo mai sayar da kayan adon mota ne ya koya mini wannan. Ya ce, "Yaro, yadi ba ya yoyo sai ta inda allura ta bi." Ya juya wata riga ya nuna mini siririn tef da aka manna a bayan ɗinkinta, ya ɗauko wata mai rahusa ya ja ɗinkin da hannu biyu, sai ga ramukan allura sun buɗe ana hango haske.

Hattara: idan ka shafa wajen rigar ka ga garin azurfa ya biyo hannunka, ajiye ta. Shafen da ke tare rana ke nan yake zuba tun ba a fara amfani da ita ba.

5. Duba roba, igiya da zif

Rigar waje ba ta da amfani idan ba ta da abin riƙe ta. Ka nemi roba mai ƙarfi a bakin gaba da na baya, wadda idan ka ja ta saki za ta koma da sauri. Ka nemi igiyoyi aƙalla uku masu bi ta ƙarƙashin mota, ɗaya a gaba, ɗaya a tsakiya, ɗaya a baya, masu maƙalli na roba. Ka ja inda aka ɗinke igiyar da jikin rigar, domin nan ne ke fara yagewa idan guguwa ta taso. Mai kyau za ka ga an ƙara ƙyalle an ninka ɗinki a wurin.

Aljihun madubi yana taimakawa wajen zaunar da riga, amma sai idan ya faɗo daidai da madubin motarka. Idan bai faɗo ba, gara mara aljihu, ka naɗe madubai ciki.

Zif ta gefen direba yana da daɗi idan ka manta abu a mota, ba sai ka yaye duka ba. Ka tabbata akwai ƙyalle a bayansa da ke raba shi da fenti. Zif tsirara yana zana layi a jikin ƙofa, kuma ƙurar hunturu tana cushe haƙoransa, don haka ka riƙa goga masa kyandir lokaci-lokaci.

6. Inda za ka saya da abin da za ka kashe

Hanya uku ce. Ta farko kasuwa: masu kayan mota a Kofar Ruwa da Sabon Gari a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja, da makamantansu a sauran garuruwa. Amfanin kasuwa shi ne za ka je da motar a gwada a kanta a gabanka. Ka yi haka, ko da za ka biya yaron shago ɗan na shan ruwa.

Ta biyu intanet, irin su Jumia, Konga da Jiji. Akwai zaɓi da yawa, amma cinikin biri a sama ne idan ba ka yi hankali ba. Ka karanta awon santimita, ka nemi mai sayarwa ya turo bidiyon ainihin rigar ciki da waje, ka kuma tabbatar za a karɓa idan ba ta yi daidai ba. A Jiji da mutum kai tsaye kake ciniki, don haka kada ka tura kuɗi kafin ka ga kaya.

Ta uku ɗinki. Masu ɗinkin kujerun mota suna iya auna motarka su ɗinka mata riga daidai jikinta, kuma babu abin da ya kai wannan zama. Matsalar ita ce yadin da suka saba aiki da shi shi ne mai roban nan mai nauyi. Idan za ka bi wannan hanya, ka zaɓi yadin da kanka, ka sa a yi masa shafi mai laushi a ciki, a bar kafofin iska biyu ko huɗu, a juya duk wani kaurin ɗinki ya kalli waje.

Farashi yana bin dala, domin yawancin rigunan daga Chaina ake shigo da su, saboda haka ka zaga shago uku kafin ka yanke. Abin da ba ya canzawa shi ne lissafin. Mu ɗauka misali an ce maka wata naira dubu 15, wata dubu 40. Idan ta farkon wata biyar za ta yi ta tsage, ta biyun kuma ta yi shekara biyu, to ta farkon tana cin dubu 3 a wata, ta biyun ba ta kai dubu 2 ba. Araha ba ta ado. Ka tambayi mai shago kai tsaye, "Alhaji, wannan bazara nawa za ta gani?" Ka kuma tambayi maƙwabcin da ka ga tasa ta daɗe inda ya saya.

Ka ware wani abu kuma don ƙananan kaya: tawul biyu masu laushi na goge mota, ƙarin igiya biyu, ƙaramin kwado da waya mai rufin roba idan rigar tana da ramukan zura ta, da alƙalamin fenti.

Hattara: rigar da ta yi kyau ɓarayi na sonta. Ranar da ka saya ka rubuta lambar motarka da manyan baƙaƙe a gaba da bayanta. Wannan yana rage mata daraja a hannun ɓarawo, yana kuma sa maigadi da 'yan sintirin unguwa su san motar wa ke ciki.

7. Wanke motar, ka bari ta bushe, ka bari ta huce

Wannan matakin shi ne ran aikin duka, kuma shi aka fi tsallakewa. Ba a sa riga a kan mota mai ƙura. Idan babu halin cikakken wanki, ka watsa mata ruwa bokiti ɗaya ko biyu daga sama zuwa ƙasa don ƙurar ta gangara, sannan ka tsane da tawul mai laushi. Goge busasshiyar ƙura da busasshen tsumma shi ma karce ne, ko da ido bai gani ba a ranar.

Kashin tsuntsu da na jemage da ƙaron itace sai an cire su tukuna. Ka jiƙa tsumma ka ɗora a kai na 'yan mintuna har ya yi laushi, sannan ka ɗauke. Idan ka rufe da su, zafi zai gasa su su ci fenti.

Ba a kuma rufe jiƙaƙƙiyar mota. Ka tsane bakin ƙofofi da ƙarƙashin madubai da kewayen but, inda ruwa ke laɓewa.

Hattara: idan yanzu ka dawo daga tafiya, ka ba motar kamar rabin awa. Salansa mai zafi tana narkar da yadi nan take, ya manne a bamba. Haka kuma motar da aka yi wa sabon fenti ba a rufe ta sai fentin ya gama ƙeƙashewa, abin da kan ɗauki makonni. Ka tambayi mai fentin yaushe ya dace.

8. Sanyawa da ɗaurewa

Rufe gilasai, ka kwantar da waifa, ka kwance eriya ko ka kwantar da ita, ka naɗe madubai idan rigar ba ta da aljihu. Duk wani wuri mai tsini, kamar kusurwar lambar mota ko gindin eriya, ka ɗora masa tsohuwar safa ko ɗan soso.

Ɗora naɗaɗɗiyar rigar a tsakiyar rufi, ka warware ta zuwa gaba da baya. Maƙala robar gaba a ƙarƙashin bamba tukuna, sannan ta baya, sannan ka sauke gefuna. Kada ka ja ta a ƙasa, kada kuma ka ja ta a kan motar daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ka yi wa gaban alama tun ranar farko don kada ka riƙa juya ta a kan fenti kana neman ina ne gaba.

Igiyar tsakiya ka jefa ta ta ƙarƙashi, ko ka tura ta da sanda, ka zagaya ka ɗaure. Ka ja har rigar ta kwanta a jiki, amma ba har ɗinki ya fara buɗewa ba. Ka dafa gefen rigar ka girgiza, idan tana faɗa-faɗa, ƙara igiya ɗaya a daidai gilashin gaba, ɗaya a daidai na baya, ka sa ƙyalle a inda igiyar ta danne kusurwa.

Wani maƙwabcina ya sayi riga mai tsada amma ya raina igiyar tsakiya, robar gaba da baya kawai yake sawa. Daren da hadarin farko ya taso a watan Mayu, da safe muka tarar da ita a saƙale a wayar katangar gida na uku, ta yage gida biyu. Kwana tara ke nan da sayenta.

Hattara: kada ka ɗora duwatsu ko bulo a kan mota don danne riga, kada ka ɗaure da wayar ƙarfe tsirara, kuma kada ka maƙala ƙugiyar ƙarfe a bakin fenti.

9. Cirewa da naɗewa

Ka fara kaɗe ƙurar da ke samanta da tsintsiya mai laushi. Kwance igiyoyi, ka ɗaga gefen dama da na hagu ka ninka su zuwa kan rufi, sannan ka naɗe daga baya da gaba zuwa tsakiya. Manufar ita ce cikin rigar kada ya taɓa ƙasa, kuma kada ya gogi wajenta mai datti. Ciki ɗaya da ya sha yashi ya isa ya karce motar duka.

Idan ta jiƙe, shanya ta a igiya ta bushe kafin ka cusa a jaka. Jiƙaƙƙiyar riga a but kwana biyu kawai take buƙata ta fara wari.

10. Idan motar za ta daɗe a rufe

Mai tafiya aikin Hajji ko wata doguwar tafiya ya wakilta wanda zai riƙa yaye rigar sau ɗaya a mako, da rana, motar ta sha iska na awa ɗaya ko biyu, musamman da damina. Ya duba igiyoyi, ya kuma tayar da injin bayan an cire rigar gaba ɗaya.

Inuwar ƙarƙashin riga tana jan ɓeraye da ƙadangaru da kyanwoyi, wani lokaci har da kunama ko maciji idan wurin akwai ciyawa. Ɓera kuma wayoyin inji yake ci. Ka share ciyawar kewaye, kada ka bar ko ɓawon gyaɗa a cikin motar. Mai yayewa ya bubbuga jikin motar tukuna, ya ɗaga bakin rigar da sanda kafin ya sa hannu, ya kuma buɗe bonet ya leƙa kafin ya murza makulli. A gargaɗi yaran gida kada su mayar da ƙarƙashinta wurin ɓuya.

11. Wankin rigar da lokacin canza ta

Da hunturu ka wanke ta kamar sau ɗaya a wata, sauran lokuta idan ka ga ta yi datti. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sa ta a kan wankakkiyar mota, ka wanke wajen da soso da ruwan sabulu mara ƙarfi, ka ɗauraye sosai, ka juya ta ka yi wa cikin haka, sannan ka shanya. Kada ka sa mata bilic ko ruwan zafi ko buroshi mai tauri, suna cire shafen da ke tare ruwa. Kada kuma ka kai ta injin wanki sai idan takardarta ta yarda.

Ƙaramar yagewa a kai wa tela da wuri ya yi faci ta waje, tun kafin iska ta faɗaɗa ta. Robar da ta saki ma tela yana canzawa da kuɗi kaɗan. Amma idan ka ga farin gari a jikin motar bayan ka yaye, ko shafin ciki ya fara ɓarewa yana mannewa a gilashi, ko yadin yana tsagewa da ɗan ja kaɗan, to rana ta gama da ita. Cire ta daga kan motar a ranar, ka mayar da ita rufin janareto ko itacen girki, ka ɗauko awon da ka rubuta a waya ka koma kasuwa da motar.